Gani Ya Kori Ji: Zanen Bangon Tsofaffin Mujallun Jarumai da Tambayar Wane ne Mai Laifi

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma duk inda aka jefo wannan karin magana ana ɗauka an rufe gardama ke nan: wanda ya gani da idonsa ya fi wanda aka ba labari. A kasuwa maganar tana kan hanya, domin mai hankali ba ya cinikin biri a sama. Sai dai kalmar ji tana da wata ma'ana da takan ɓace mana a lokacin da muke yabon ido. A gaban alƙali, ji shi ne sauraro, wato a bar wanda ake tuhuma ya buɗe baki ya faɗi nasa. Idan gani ya kori irin wannan jin, to shari'ar ce kanta aka kora. Tambayar da wannan maƙala za ta bi ita ce: shin laifi abu ne da ido ke iya gani a jikin mutum? Zan nemi amsarta a wurin da ba kasafai ake neman falsafa ba, wato bangon wasu tsofaffin mujallu masu arha na jaruman yaƙi da miyagu, waɗanda aka ƙirƙira a Amurka, aka kuma sake buga su a ƙasashen da mutanensu ba su taɓa taka titunan da labaran ke faruwa a kai ba.

Amurkawa suna kiran waɗannan mujallu pulp, sunan ɓarzajjen itacen da ake yin takardarsu da shi, takarda mai kaushi wadda ke yin ja tana kakkaryewa bayan 'yan shekaru. Yawancinsu shafi 128 ne, ana sayar da su senti 10, kuma abin da kawai aka ƙawata a jikinsu shi ne bango: takarda mai sulɓi ɗauke da zane mai launi, wanda aka fara yi da fenti kafin a kai shi maɗaba'a. A watan Afrilun 1931 kamfanin Street & Smith na birnin New York ya fito da The Shadow, ma'ana Inuwa, wanda a wurinmu ma sunan namiji ne. Jarumi ne mai baƙar malfa da baƙar alkyabba, wuyan alkyabbar ya rufe masa baki, ga bindiga a kowane hannu. Mujallar ta yi fitowa 325 kafin ta mutu a 1949, kuma mutum ɗaya, Walter Gibson, shi ya rubuta fiye da 280 daga ciki da sunan aro na Maxwell Grant. A 1933 kamfanin ya ƙara da Doc Savage, abokin gasarsa Popular Publications kuma ya fito da The Spider, wato Gizo-gizo. Masu zane irin su George Rozen da Walter Baumhofer da Rafael DeSoto su suka ba waɗannan jarumai siffar da duniya ta san su da ita.

Ba a rasa dalilin da ya sa irin waɗannan jarumai suka karɓu a wancan zamani ba. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a Amurka, haramcin da ya azurta ƙungiyoyin 'yan fasa-ƙwauri har suka iya sayen 'yan sanda da 'yan siyasa. A watan Fabrairun 1929 aka jera mutum 7 a jikin garun wani gareji a Shikago aka harbe su, kuma ba a taɓa hukunta kowa a kan wannan kisa ba. Al Capone, wanda kowa ke nuna wa yatsa, sai a watan Oktoban 1931 kotu ta same shi da babban laifi, shi ma na ƙin biyan haraji. Ga kuma karayar tattalin arziki da ta jefa miliyoyin mutane cikin zaman kashe wando. Mutumin da ya ga doka tana ɗingishi a gaban mai kuɗi, idan aka miƙo masa jarumin da ba ya karɓar toshiya kuma ba ya jiran sammaci, ba za a ce ya yi wauta ba don ya ciro senti 10 ya saya. Ƙishirwar ta gaskiya ce, kuma duk wanda ya taɓa zaman jiran shari'ar da aka yi ta ɗagewa ya san ɗacinta.

Daga nan sai mujallun suka shiga duniya. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kwantan da ba a sayar ba a Amurka akan yi jigilarsa zuwa Ingila, inda ake samunsa a kantunan Woolworth a kan toro. George Orwell, wanda ya yi rubutu a kansu, ya ambaci zancen da ake yi cewa a matsayin kayan nauyi suke zuwa, irin wanda ake jibgewa a gindin jirgin ruwa don kada ya yi tangaɗi. Da yaƙi ya tsayar da wannan jigila a 1939, kamfanoni irin su Atlas na Landan suka koma sake buga mujallun Amurka a gida, kuma ƙarancin takarda ya sa aka rage shafuka aka zubar da wasu labarai. Kanada ta hana shigo da su a ƙarshen 1940 domin tattalin kuɗin musaya, sai bugun Kanada ya maye gurbi. A Sifaniya kuwa, kamfanin Molino na Barcelona ya fara wani jeri mai suna Hombres Audaces, wato mazaje masu ƙarfin hali, a 1936, inda Inuwa ya zama La Sombra. Yaƙin basasa ya ɓarke a wannan shekara, aikin ya ƙaura zuwa Buenos Aires a Ajantina kafin ya dawo gida. A duk wannan yawo labari ne ke shan wuya: a fassara shi cikin gaggawa, a datse shi, a sauya masa suna. Bango kuwa yakan iso da ƙarfinsa, ko dai zanen asali ko kwaikwayonsa daga hannun wani mai zane na gida, tun da hoto ba ya bukatar tafinta.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin wannan sana'a shi ne yadda wani lokaci zane ke riga labari zuwa. Mai karatu zai yi tsammanin marubuci ne ke gama aikinsa, sannan mai zane ya karanta ya zaɓi abin da zai fitar. Fitowar farko ta Inuwa ba haka ta kasance ba. Ba a yi mata sabon zane ba, sai aka lalubo wani tsoho na Modest Stein, wanda aka riga aka yi amfani da shi a 1919 a bangon wata mujalla mai suna The Thrill Book. Zanen na wani Basine ne, wato ɗan ƙasar Sin, cikin tufafin ƙasarsa, ga wata inuwa a jikin garu. Maimakon a nemi zanen da ya dace da labari, sai marubuci ne ya shigar da unguwar Sinawa ta New York cikin labarinsa domin ya dace da zane. Mutumin da aka zana shekara 12 kafin a ƙirƙiri jarumin, domin wani labari dabam, shi aka fara nuna wa duniya a ƙarƙashin inuwar hukunci.

Misalin da ya fi wannan fitowa fili daga Turai yake, kuma sake bugu ne a kan sake bugu. A 1907 wani kamfani a Berlin ya fara fitar da ƙananan littattafai da sunan Sherlock Holmes ba tare da izinin Conan Doyle ba. Da aka yi ƙorafi sai aka cire sunan daga taken jerin, aka ci gaba har fitowa 230. Mai zanen bangon, Alfred Roloff, gwani ne na gaske. Bayan shekara 20 wani kamfani a Holan ya tono jerin, ya sauya wa jarumin suna zuwa Harry Dickson, daga nan kuma a 1929 aka fara fitar da shi da Faransanci domin kasuwar Beljiyam da Faransa. Aka ɗauki wani marubuci ɗan birnin Ghent, Jean Ray, ya riƙa fassara. Da tafiya ta yi tafiya sai ya gaji da raunin labaran, ya ture su gefe ya koma ƙirƙiro nasa. Masu kamfani ba su hana ba, amma da sharaɗi guda: zanen Roloff suna hannu, da su za a fita, saboda haka dole abin da ya rubuta ya dace da abin da ke bango. Haka Jean Ray ya riƙa ɗora tsohon zane a gabansa, wanda aka yi tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya dubi mutanen da ke ciki, sannan ya zauna ya ƙago musu suna da tarihi da laifi. Jerin ya kai fitowa 178 zuwa 1938, kimanin 100 daga ciki ƙirƙirarsa ce, kuma su ne aka ci gaba da sake bugawa bayan an manta da na asali.

A matsayin dabarar adabi wannan abin burgewa ne, ba ni da ja. Amma a dubi tsarin tunanin da ke ciki: da farko ga hoton mutum a halin da ke nuna shi mai laifi, daga baya sai a nemo labarin da zai gaskata hoton. Haka zato yake aiki tun fil azal. Hukunci ne ke fara sauka a zuciyar mai zato, da ganin fuska ko tufafi ko jin karin harshe, sannan hankalinsa ya kama aikin Jean Ray, yana tattaro duk abin da zai dace da zanen yana watsar da abin da bai dace ba. Kuma kamar Jean Ray, mai zato yakan zama gwani: labarin da zai haɗa ya tsaru, babu ɓaraka, har mai sauraro ya ce ai wannan ba ƙarya ba ce. Alhali kuwa dole ya tsaru, tun da a kan awon hoton aka ɗinka shi. Ina ganin abin da magabata ke nufi ke nan da suka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya: ko an dace, sa'a ce ta kawo dacewar, kuma wanda ya saba da bin wannan hanya gobe ma ita zai bi, a kan wanda bai ci nanin ba.

Ba sai an zargi masu zanen da mugun nufi ba kafin a fahimci yadda abin ya kasance. Mujalla tana rataye ne a rumfar mai jarida tsakanin gommai irinta, kuma mai wucewa waiwaye ɗaya zai yi. Cikin wannan waiwaye dole ya gane wane ne mugu, wace ce abar tausayi, wane ne mai ceto, ba tare da ya karanta ko harafi ba. Sai mai zane ya koma ga alamomin da ya san ido ya riga ya saba da su: tabo a kunci, zaƙo-zaƙon farata, doro, fatar da ba irin ta mai saye ba. Waɗannan alamomi suna da tarihi. A 1876 likitan Italiya Cesare Lombroso ya wallafa littafin da ya yi da'awar cewa akwai mutanen da aka haifa masu laifi, kuma ana gane su da siffar muƙamuƙi da kunne da goshi. A 1913 Charles Goring, likitan gidajen yari a Ingila, ya fitar da sakamakon awon fursunoni kimanin 3,000 da aka kwatanta da mutanen da ba fursunoni ba, bai kuwa sami wata siffar jiki da ta keɓanta da masu laifi ba. Ra'ayin da masana suka yar, shi rumfar mai jarida ta tsince ta ci gaba da sayarwa. A 1935 da 1936 Popular Publications ya fitar da mujallu biyu, The Mysterious Wu Fang da Dr. Yen Sin, waɗanda aka gina kacokan a kan mugun Basine mai neman mallake duniya, a lokacin da dokar 1882 mai hana ma'aikata Sinawa shiga Amurka take nan daram, domin sai 1943 aka soke ta. Basinen da ke sana'ar wanki da guga a New York ta gaban irin wannan rumfa yake wucewa.

Akwai wani rashin daidaito kuma da ke kan bangon, wanda ido kan wuce shi saboda sabo. Fuskar mugu a buɗe take, an haska ta sosai, ta jarumi kuwa a rufe. Hanci da idanu kawai ake gani na Inuwa. Wanda ake hukuntawa an tona shi, mai hukunci ya ɓuya: ba a san gidansa ba, ba a ɗaukaka ƙara a kansa, ba wanda zai tambaye shi yadda aka yi ya sani. Kirarin da ake yi masa a rediyo ma gaba ɗaya a kan sani yake, cewa shi ne masanin sharrin da zukata suka ɓoye. A nan ne nake ganin fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na arewacin Nijeriya ke aiki da shi, ya yi magana mai zurfi. A mashahurin ra'ayin mazhabar, alƙali ba ya yanke hukunci da saninsa na kansa. Ko da idonsa ya ga abin da ya faru, sai dai ya sauka daga shimfiɗar hukunci ya zama shaida a gaban wani alƙali. Haka kuma kafin a yanke hukunci sai an yi i'izari, wato a tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka a kan shaidu. Me ya sa za a hana mutum aiki da abin da ya tabbata? Domin sanin da ke cikin ƙirjin mutum ɗaya ba a iya shimfiɗa shi a faifai kowa ya duba, kuma abin da ba a iya dubawa ba a iya bambance gaskiyarsa da kuskurensa. Alƙalin da ya gani da wanda ya zaci ya gani, a cikin zukatansu tabbaci iri ɗaya suke ji. Inuwa ba ya kuskure saboda Gibson ne ke riƙe da alƙalamin, shi ke shirya duniya ta dace da harsashin jaruminsa. Mai karatu yakan tashi da tabbacin Inuwa a zuciyarsa, ya fita cikin duniyar da babu wani Gibson da ke gyara ta.

Abin mamaki, labaran da kansu sukan tona asirin bangon. Gizo-gizo, idan ya kashe mugu, yakan ciro wani hatimi da ya ɓoye a gindin abin kunna sigarinsa ya buga wa gawar jan tambarin gizo-gizo a goshi. Da laifi yana bayyana a fuska, mene ne amfanin hatimi? Jarumin ne ke rubuta laifin a jikin mutum bayan ya gama da shi, domin masu zuwa su gani su yarda. Doc Savage kuwa, wanda aka nuna shi mai ƙin kisa, yana da wata cibiya ta ɓoye a arewacin jihar New York, inda ake kai miyagun da ya kama a yi musu aikin tiyata a ƙwaƙwalwa, su manta da rayuwarsu ta baya, a koya musu sana'a. Labaran suna gabatar da wannan a matsayin jinƙai. Ban ga inda jinƙai yake a shafe mutum daga cikin kansa ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Bugun ƙasashen waje ya ƙara bayyana wani abu: fuskar mai laifi tana da fasfo, kuma ana iya sauya shi. A Italiya kamfanin Mondadori ya fara jerin littattafan binciken kisa a 1929 da bango mai launin rawaya, har kalmar rawaya ta Italiyanci, giallo, ta zama sunan wannan nau'in adabi baki ɗaya. Yawancinsu fassara ce daga Ingila da Amurka. Gwamnatin Mussolini, a ƙarshen shekarun 1930, ta ba da umarnin cewa kada mai kisa a irin waɗannan labarai ya zama ɗan Italiya, sannan a 1941 jerin ya tsaya a ƙarƙashin matsin gwamnati, bai dawo ba sai bayan yaƙi. A lura da kyau: mahukuntan ba su yi jayayya da cewa ana gane mugu da asalinsa ba, abin da suka nema kawai shi ne asalin ya zama na baƙo. A Sifaniya ta zamanin Franco marubutan gida da yawa suka ɗauki sunayen Ingilishi suka kai labaransu Amurka. Francisco González Ledesma, wanda masu tace littattafai suka hana littafinsa na farko fita, ya shafe shekaru yana rubutu da sunan Silver Kane. Shi kuwa José Mallorquí, wanda ya fara da aikin fassara a kamfanin Molino, a 1943 ya ƙirƙiri nasa jarumin mai rufe fuska, El Coyote, wanda ke kare mutanen Kalifoniya masu jin Sifaniyanci daga zaluncin Amurkawan da suka karɓe ƙasar. An juya tebur, Ba'amurke ya koma wurin mugu, amma tsarin bai motsa ba. El Coyote ma yana da nasa hatimin: yakan harbe wa azzalumi fatar kunne domin duk inda ya shiga a gane shi.

Wani zai ce na ɗora wa kayan nishaɗi nauyin da ya fi ƙarfinsu, kuma akwai gaskiya a maganarsa. Ba na cikin masu cewa karanta labarin kisa yana mai da yaro mai kisa. An sha yin wannan da'awa, Jamus ma ta yi doka a 1926 domin kare matasa daga abin da ta kira adabin shara, kuma miliyoyin da suka karanta Inuwa sun girma sun zama malamai da direbobi da iyaye kamar kowa. Hujja mafi ƙarfi ita ce cewa labaran sukan saɓa wa bangonsu. Gibson masanin dabarun rufa-ido ne, ya rubuta littattafai a kan fannin, kuma ya san cewa daɗin wasa yana inda ido ya kuskure. Sau da yawa a babin ƙarshe sai a ga ashe babban mugun shi ne attajirin nan mai mutunci ko lauyan nan mai fara'a da ba wanda ya zarga. Wanda ya karanta har ƙarshe ya koyi cewa labarin zuciya ba kullum ake tambayar fuska ba. Amsata ita ce masu gani sun ninka masu karatu. Duk wanda ya wuce rumfa ya ga bango, 'yan kaɗan suka saya, kuma ba duk mai saye ke kaiwa babin ƙarshe ba. A ƙasar da aka datse labarin, ko aka fassara shi da gaggawa, ko mai kallo bai ma jin harshen, tazarar ta fi faɗi. Darasin da ke cikin shafuka yana bukatar sa'o'i da haƙuri, na bango kuwa kyauta ne, kuma nan take yake shiga.

Mu ma wannan kaya ya iso mana, ko da yake ta wata ƙofa. A ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970 kamfanin Drum ya riƙa fitar da African Film, mujallar labari cikin hotuna wadda jaruminta Lance Spearman ya shahara daga Legas har Nairobi. Iyayenmu da suka yi makarantar sakandare sun kuma sha littattafan James Hadley Chase na gwanjo, wanda shi kansa Baturen Ingila ne da ya rubuta littafinsa na farko game da Amurka da taimakon taswira da ƙamus na karin maganar 'yan iskan gari. Ba waɗannan ne damuwata ba. Damuwata ita ce tsarin nan na hoto kafin labari, wanda ya girmi kowace mujalla, kuma yanzu ya sami rumfa a cikin kowace waya. A watan Oktoban 2012 a Aluu, kusa da Fatakwal, taron jama'a ya kashe ɗaliban jami'a 4 bisa zargin sata, ana ɗaukar bidiyo. A ƙarshen watan Maris na 2025 a Uromi ta jihar Edo, 'yan sintiri suka tsayar da motar wasu mafarauta da ke komawa Kano domin bikin Sallah, aka ga bindigogin farauta, aka ga baƙin fuskoki, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Babu wanda ya taɓa ganin La Sombra a cikin masu wannan aika-aika, kuma ba na danganta laifinsu ga wani mai zane. Amma su ma suna da ƙishirwa irin ta mutanen Shikago, su ma sun gaji da jiran doka, su ma sun ga hoto sun ɗinka masa labari a cikin 'yan mintoci. Shari'ar kisan Aluu ta ɗauki kusan shekara 5. A 2017 babbar kotun jihar Ribas ta yanke wa mutum 3 hukuncin kisa, ta kuma sallami 4. Ga bidiyo, duniya ta gani, amma sai da aka zauna aka saurara, kuma sauraron ne ya raba waɗannan 4 da sauran.

To, shin ya kamata a ji kunyar son waɗannan zane? Ni ban ga haka ba. Yawancin zanen asali sun salwanta, domin a zamaninsu ba a ɗauke su abin adanawa ba, kuma da wasu masu tarawa irin su Robert Lesser, wanda ya ba da tarinsa ga gidan adana zane na New Britain a jihar Connecticut, ba su tsince su ba, da an rasa shaida mai muhimmanci a kan abin da mutanen wani zamani suke tsoro da wanda suke zargi. Ƙwarewar Rozen wajen sarrafa baƙi da ja ƙwarewa ce, ko me aka yi da ita. Bugun Barcelona da na Landan da na Ghent sun ma fi na asali koyarwa, domin idan aka jera su sai a ga abin da aka sauya da abin da aka bari. Abin da nake ƙi shi ne a kalle su ana kiran daɗin da suke bayarwa da sunan son adalci. Daɗin tabbaci ne, daɗin sanin mugu ba tare da wahalar sauraro ba, kuma gara mai kallo ya san abin da yake sha. Mai tarawa na ƙwarai shi ne wanda, bayan ya gama yaba launi, zai buɗe mujallar a hankali, ko da takardar tana marmashewa a hannunsa, ya ga ko labarin ya yarda da bangonsa.

Wanda ya yi haka da fitowar Afrilun 1931 zai tarar da wani abu. Unguwar Sinawan da Gibson ya shigar domin zanen Stein tana da wani ɗan kasuwar ganyen shayi mai suna Wang Foo, wanda ke sayen kayan sata a ɓoye. A ƙarshen labarin aka yaye masa shiga, sai ga shi ashe ba Basine ba ne ko kaɗan. Wani ƙasurgumin ɓarawo ne farar fata, Diamond Bert Farwell, wanda ya ari fuskar Sinawa ya ɓuya a bayanta. Wannan bayani yana can cikin shafukan ƙarshe, a kan takardar da ke yin ja. A bangon gaba kuwa, wanda masu tarawa ke ɗaukar hotonsa suna yaɗawa har yau, Basinen Modest Stein ne kaɗai ake gani, da inuwar a jikin garu.